Horo Ko Jari? Darasin Mata Masu Dubara na Maraɗi Ga Ƙungiyoyin da Ke Koya wa Mata Sana'a

Tsakure

Wannan maƙala ta duba irin horon da ƙungiyoyin farar hula suke ba mata domin su dogara da kansu, ta ɗauki shirin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a 1991, a matsayin abin nazari. An auna shirin da abin da masana suka rubuta game da sana'o'in matan Hausa, da kuma sakamakon wasu gwaje-gwaje da aka gudanar a Togo da Gana da Nijar. Hujjar maƙalar ita ce, abin da ya fi damun 'yar kasuwar cikin gida ba rashin iya sana'a ba ne, rashin wurin da jari zai fake ne har ya girma. Don haka horon da ya koya wa mata tafiyar da ƙungiya da riƙon kuɗi ya fi daɗewa yana amfani a kan wanda ya tsaya ga koyar da sana'ar hannu ta 'yan kwanaki.

1.0 Gabatarwa

Da wuya wata ya wuce ba a ji a rediyo cewa wata ƙungiya ta yaye mata kaza da ta koya wa sana'a ba. Sana'o'in kuwa sanannu ne: haɗa sabulun ruwa da man shafawa, turaren wuta da humra, saƙa, ɗinki, cincin da kek. Ranar yayewa a ɗauki hoto, a miƙa takardar shaida, in an yi sa'a a haɗa da keken ɗinki ko injin taliya, sai a watse. Abin da ba a cika komawa a bincika ba shi ne, bayan shekara guda mata nawa ne suke kan sana'ar, kuma nawa ne jarinsu ya ƙaru.

Wannan salo yana da tarihi. A Nijeriya, a 1987 Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, wanda aka fi sani da Better Life, aka buɗe cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi. A 1994 Maryam Abacha ta zo da nata shirin na tallafa wa iyali. Kowane shiri ya tafi da tafiyar mai shi, amma fasalin horon ya zauna, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka gaje shi. Ba a musun kyakkyawar niyyar masu yi, kuma akwai matan da suka samu abin rufin asiri ta wannan hanya. Sai dai an gina fasalin ne a kan zaton cewa matar da ake so a taimaka zaune take ba ta da abin yi. Wannan zato shi ne maƙalar za ta fara warwarewa.

2.0 Kasuwar da ke bayan katanga

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gidan da ake sayen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a unguwarsu, ya san gidan daddawa, gidan fura, gidan kitso, da dillaliyar da ke yawo da atamfa da kwanuka. Masana ma sun daɗe da lura. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa maƙala a 1969 kan wannan ciniki na ɓoye, ta nuna cewa hatsi da abinci masu yawa suna sauya hannu ne tsakanin gida da gida ta hannun matan kulle, ba tare da sun taɓa shiga kasuwa ba. Enid Schildkrout ta bi sawun yara masu talla a birnin Kano cikin shekarun 1970, ta nuna cewa su ne ƙafafun wannan kasuwa, kuma kaso mai tsoka na ribar yana tafiya ne ga tanadin kayan ɗakin yarinyar. Tun kafin su, labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, cike yake da bayanin sana'o'in mata da zumuncin biki da ƙawance.

Shari'a ma tana bayan mace a nan. Dukiyarta tata ce, ci da sha da sutura da muhalli kuwa suna wuyan miji. To amma a aikace, jarin da yake ajiye a ɗaki kowa ya san da shi. Yau babu kuɗin cefane, gobe yaro ya kwanta da zazzaɓi, jibi bikin 'yar ƙawa wadda ta yi mata gudummawa bara, dole ta rama har da ƙari. Maigida ya ce a ara masa zuwa ranar kasuwa, ita kuma kunya da zaman lafiya su hana ta tuni. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira almubazzaranci. Amma haɗuwarsu ce take cinye uwar kuɗi, a wayi gari mai ƙosai ta koma karɓar wake bashi.

Bincike ya tabbatar da wannan a wasu ƙasashe. A Gana, Fafchamps da abokan aikinsa sun raba tallafin sidi 150 ga ƙananan 'yan kasuwa a Akara da Tema, wasu aka ba su tsabar kuɗi, wasu aka saya musu kaya ko kayan aiki. A cikin mata, ribar waɗanda aka ba kaya ce ta ƙaru, musamman masu ɗan ƙarfin ciniki tun farko, masu tsabar kuɗi kuwa ba a ga wani canji ba. Daga baya Bernhardt da Field da Pande da Rigol suka sake nazarin alƙaluman Gana da Indiya da Siri Lanka, suka wallafa a 2019 cewa a gidajen da miji ma yake da tasa sana'ar, jarin da aka ba matar sau da yawa cikin kasuwancinsa yake ƙarewa.

Matan Hausa sun riga kowa gane wannan, shi ya sa suke adashi. Kuɗin da aka kai wa uwar adashi ya fita daga ɗaki, ba mai iya cewa a aro. Illarsa biyu ce. Kwasa tana zuwa ne bisa layi, ba lokacin da buƙata ta taso ba, sannan abin da mace ta zuba shi za ta kwasa, ba ya haihuwa.

3.0 Mata Masu Dubara

A 1991 ƙungiyar CARE, da tallafin reshenta na Norwe, ta fara wani ƙaramin shiri a ƙauyukan Maraɗi ƙarƙashin jagorancin wata ma'aikaciya mai suna Moira Eknes. Aka raɗa masa suna Mata Masu Dubara. Dubarar ita ce a ɗauki adashin da mata suka sani a yi masa gyara, maimakon a kawo musu banki daga birni.

Mata kamar ashirin zuwa talatin, waɗanda suka zaɓi junansu, sukan haɗu duk mako su yi zubi. Ba mai kwashe zubin makon. A cikin akwatin ƙarfe ake tara shi, mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana kwana a gidan ta huɗu, don haka ba ya buɗuwa sai a gaban taro. Idan kuɗi ya taru, mai buƙata ta nemi rance na ɗan gajeren lokaci, ta faɗi abin da za ta yi da shi, ta biya da ɗan ƙari wanda ƙungiya ta yanke, galibi kashi 10 cikin 100 a wata. Akwai tara ga mai makara ko fashi, akwai kuma wani ɗan asusu na daban don rashin lafiya ko rasuwa. Bayan wata tara zuwa shekara a fasa asusu, a raba uwar kuɗi da riba, a sake sabon zubi. Sau da yawa akan daidaita rabon da gabatowar damina ko salla, lokacin da kowa ke neman kuɗi.

A nan ne ya kamata a tsaya a kalli horon da kyau, domin ba sana'a ake koyarwa ba. Jami'ar horo tana koya wa mata yadda za su zaɓi shugaba da ma'aji da masu ƙirga kuɗi, yadda za su tsara dokokinsu da bakinsu, yadda za a ƙirga kuɗi a bainar jama'a a faɗi jimla da ƙarfi kowa ya ji, da yadda za a tunkari wadda ta kasa biya ba tare da zumunci ya lalace ba. Da yake akasarin matan farko ba su yi boko ba, da ka ake riƙe lissafi: kowace mace ta haddace abin da ake bin wata 'yar'uwarta, a farkon zama na gaba a tambayi taro nawa aka rufe akwati da shi. A makonnin farko jami'ar tana zuwa kowane zama, sannan ta riƙa ja da baya, kafin shekara ta cika ta yaye ƙungiyar ta tafi. Ko dala ba a zuba musu daga waje. Wannan sharaɗi, wanda mai jin labari zai ɗauka rowa ce, shi ne ƙashin bayan shirin, domin mace ba ta wasa da bashin da ta san guminta ne da na maƙwabciyarta, saɓanin kuɗin da ake ɗauka na gwamnati ne ko na Turawa.

Da buƙata ta fi ƙarfin ma'aikatan CARE, sai aka koma horar da wasu daga cikin matan da suka ƙware, su riƙa kafa sababbin ƙungiyoyi a ƙauyukan kusa, ƙungiyar da aka horar ta riƙa biyansu ɗan ladan wahala. Wanda ya san tarihin ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu ba. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta riƙa naɗa jajis, ta ba su malfa, ta tura su karkara su karantar da 'yan'uwansu mata a tsarin 'Yan Taru. Mace ta fi buɗa ciki ga macen da ta san gidansu.

Zuwa 2002 matan da ke cikin waɗannan ƙungiyoyi a Nijar sun haura 150,000. Tsarin ya tsallaka zuwa Zimbabuwe da Zanzibar da Yuganda da Mali, wasu manyan ƙungiyoyi irin su Oxfam da CRS suka fito da nasu samfurin, har ya zama yau miliyoyin mutane a Afirka da Asiya suna zubi a akwati mai kwaɗo uku, da yawansu ba su san daga ƙasar Hausa abin ya taso ba. A Nijar ɗin kanta ƙungiyoyin sun haɗu sun kafa gamayya, wasu suka buɗe bankunan hatsi don tsallake lokacin bazara da tsakiyar damina. Wani abin da ba a tsara ba tun farko shi ne siyasa. Dokar kason mata ta 2000 ta tilasta wa jam'iyyu su sa mata a jerin 'yan takara, da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 sai aka tarar matan da suka saba jagorantar taro da magana a gaban jama'a su ne na Mata Masu Dubara, aka zaɓi da dama cikinsu kansiloli.

4.0 Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Labari mai daɗi ba hujja ba ne, don haka sai a juya ga binciken da aka kwatanta waɗanda suka samu horo da waɗanda ba su samu ba. A 2014 McKenzie da Woodruff sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan koyar da dabarun kasuwanci a ƙasashe masu tasowa. Abin da suka gani ba mai faranta rai ba ne: waɗanda aka horar sukan ɗauki kaɗan daga abin da aka koya musu, kuma a yawancin gwaje-gwajen ba a iya tabbatar da ƙaruwar riba ba.

Gwajin Lome, babban birnin Togo, wanda mujallar Science ta buga a 2017, ya fi haskaka lamarin. An kasa ƙananan 'yan kasuwa 1,500 gida uku. Kashi ɗaya aka koya musu darasin da aka saba, wato ajiye lissafi da tallata haja, kashi na biyu aka horar da su kan himma da hangen gaba da neman mafita in an ci karo da cikas, na uku ba a ba su komai ba. Cikin shekara biyu ribar kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta masu darasin da aka saba kuwa da kashi 11, wanda ma bai kai a kafa hujja da shi ba. A tsakanin mata tazarar ta fi haka faɗi. Ke nan abin da ake koyarwa ya fi yawan kwanakin da aka yi a aji muhimmanci.

Su kansu ƙungiyoyin asusu an gwada su. Karlan da abokan aikinsa sun bi diddiginsu a Gana da Malawi da Yuganda, suka wallafa a 2017 cewa tanadi da samun rance sun ƙaru, sana'o'in gida sun inganta, muryar mata a shawarar gida ta ƙara ƙarfi. Amma ba su ga ƙaruwa a matsakaicin abin da iyali ke ci da kashewa ba. Wajibi ne masu yabon tsarin su riƙa faɗin wannan rabin ma. Asusu yana kare jari, yana rage kaifin fatara, amma shi kaɗai ba ya fitar da gida daga cikinta.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne wanda Bossuroy da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2022, kan matan karkarar Nijar masu karɓar tallafin wata-wata na gwamnati. Ban da waɗanda aka bari don kwatantawa, dukkansu an sa su a ƙungiyar asusu, an ba su horon kasuwanci da mai bibiya. Daga nan wasu aka ƙara musu jarin sefa 80,000 a dunƙule, wasu aka ƙara musu horon dabarun zaman duniya tare da taron gari inda ake nuna fim a tattauna da maza da dattawa kan sana'ar mata, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Kowane rukuni ya ci gaba, amma idan aka auna abin da aka kashe da abin da aka samu, rukunin horo da taron gari ne ya fi arha da riba. Shirin na gwamnati ne, amma darasinsa na ƙungiyoyi ne: amincewar miji da liman da mai gari wani jari ne, kuma horon da ya tsallake su ya bar baya da ƙura.

5.0 Inda tsarin yake da rauni

Na farko, kuɗin akwati daidai yake da ƙarfin masu zubi. Ya isa sayen tiyar gyaɗa ko tunkiyar turka, bai isa injin niƙa ko firji ba. Matar da ta fi kowa talauci, wadda ko zubin mako ba za ta iya ba, ita ce ake bari a waje, kuma ita ce aka ce ana nema. Don irinta ne ƙungiyar BRAC ta Bangaladesh ta fito da tsarin ba da dabba ko kayan sana'a kyauta tare da abinci da horo da bibiya, wanda gwajin ƙasashe shida da aka buga a 2015 ya nuna yana aiki, ko da yake yana da tsada.

Sai batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance. A Kano ko Sakkwato ko Zamfara, tambayar farko da za a yi ita ce ko wannan ba riba ba ce da Musulunci ya haramta. Amsar da wasu jami'ai ke bayarwa, wai ai kuɗin yana komawa ga masu shi, ba ta gamsar da malamai da yawa ba, kuma ƙungiyar da ta raina wannan tambaya za ta ga mata suna janyewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun faɗi dalili ba. Mafita tana cikin fiƙihu: bashi marar ƙari don lalura, murabaha inda ƙungiya za ta sayi kaya ta sayar wa mamba da riba sananniya, ko haɗa jari a yi sari a raba abin da aka samu. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 waɗannan kalmomi sun daina zama baƙi. Ƙungiya kamar FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 da Hajiya Aisha Lemu a matsayin Amira ta farko, tana da rassa da makarantun Islamiyya da amincin da za ta iya jagorantar wannan gyara.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin akwati. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, ma'ana kuɗin da ya kwana shekara a ajiye ya rasa kusan rubu'in ƙarfinsa. Canjin takardun naira a farkon 2023 ya nuna haɗarin dogaro da tsabar kuɗi zalla. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba, akwatin da gari ya san gidan da yake kwana abin tsoro ne. Horon yau dole ya haɗa da ajiya a asusun banki ko ta waya, da juya kuɗi zuwa hatsi ko dabba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba a son faɗa. Idan cinikin matar kulle ya bunƙasa, farantin tallar 'yarta ne yake ƙara nauyi. Shirin da ya ƙara wa uwa riba ya cire yarinya daga aji bai yi nasara ba. Wayar hannu da dillalai manya da shagon haɗin gwiwa na ƙungiya suna iya maye gurbin yarinyar, amma sai an sa abin cikin tsarin horon da gangan.

6.0 Ina aka dosa a Nijeriya

Tsarin ya riga ya shigo. Shirin mata na gwamnatin tarayya wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 100 a 2018, wanda jihohin Kebbi da Neja da Taraba suke cikin na farko, a kan ƙungiyoyin zubi da rance aka gina shi, kuma a 2023 bankin ya amince da ƙarin dala miliyan 500 don faɗaɗa shi. A ɓangaren farar hula, WOFAN, wadda Hajiya Salamatu Garba ta kafa a Kano a 1993, ta daɗe tana aiki da ƙungiyoyin mata masu sarrafa shinkafa da gyaɗa, wato sana'ar da suka gada kuma take da masu saye. Wannan ya fi hankali a kan a koya wa mata hamsin na unguwa ɗaya sabulu iri ɗaya, su fito su rasa wanda za su sayar wa, ga shi ba su da lambar NAFDAC da za ta shigar da kayansu manyan kantuna.

Haɗarin da ke tattare da manyan kuɗi shi ne gaggawa. Idan aka ce wa jami'i ya kafa ƙungiya ɗari kafin ƙarshen wata uku, zai tara sunaye ne, matan kuma za su zo don sun ji ana rabon tallafi, ranar da tallafin ya ƙare ƙungiyar ta mutu. Abin da ya raya na Maraɗi shi ne mata sun zaɓi junansu, sun yi watanni suna juya kuɗinsu kafin wani ya yi musu maganar ƙari.

Saboda haka kirana ga masu ba da tallafi da shugabannin ƙungiyoyi shi ne su sauya ma'aunin da suke karɓar rahoto da shi. A daina tambayar mata nawa aka horar. A ware kuɗi a cikin kasafin kowane shiri don a koma bayan shekara biyu da yaye ƙungiya, a ga ko tana zama, nawa ta raba a zagayen ƙarshe, wa yake yanke shawara kan kuɗin a gida, kuma 'ya'yan mambobinta mata suna makaranta ko suna talla. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi suna da ɗaliban da za su iya wannan bibiya, in an ba su dama da kuɗin mota.